Wanda Ya Taɓa Injin, Ya Sa Masa Gejin Mai

Duk mai motar da ya zo garejina a Kaduna yana son a ƙara wa injinsa ƙarfi, da jerin buƙatunsa yake zuwa. Salansa mai ƙara, matatar iska mai faɗin baki, turbo idan aljihu da nauyi, sannan a kira yaron kwamfuta ya taɓa ƙwaƙwalwar motar. Har yau ban ga wanda ya sa gejin matsin mai a cikin jerin ba. Idan na kawo maganar, kallon mai neman ƙarin kuɗin aiki ake yi mini. To ni dai ra'ayina shi ne, duk injin da aka canza daga yadda masana'anta ta fito da shi, bai kamata ya bar gareji ba sai an auna matsin man da ke isa nozul, kuma a auna shi mota tana tafe tana jan nauyi, ba tana tsaye a silo ba. Wanda ya sa turbo kuwa, gejin ya zauna a motarsa dindindin.

Kada a ɗauka da 'yan wasan mota kaɗai nake, samarin nan masu ƙona taya a Abuja da Kano. Su ne ma 'yan ƙalilan. Yawancin injinan da aka taɓa a Arewa na masu neman abinci ne. Akwai direban Sharon da injinsa ya buga, aka ɗauko masa na wata mota daga Ƙofar Ruwa ko Panteka aka ɗora. Akwai mai Golf da nozul ya ishe shi, ya ce a mayar masa da kafireta ya huta. Akwai wanda famfon mansa ya mutu a hanya, aka sa masa na wata mota don kawai girmansu ɗaya. Ga kuma ɗimbin waɗanda suka koma gas na CNG tun da fetur ya fi ƙarfin talaka. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kira motarsa motar wasa, amma kowannensu ya rushe wani lissafi da injiniyoyi suka zauna suka yi, kuma babu wanda ya sake yin lissafin.

A kan 504 na koyi aiki, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗawa a nan Kaduna a 1975. Famfon manta a jikin injin yake, injin ne ke tura shi, matsinsa kuma bai kai rabin bar ba. Kafireta tana da ɗan kwanonta da take tara mai. Idan famfo ya yi sanyi, kwanon zai rufa masa asiri har sai ya ƙafe, daga nan mota ta shaƙe, kowa ya san abin da ya faru. Kunne da hannu sun ishi makanike a wancan zamanin, kuma iyayen gidanmu sun ƙware a kansu ƙwarai. Matsalar ita ce mun ɗauko tarbiyyar kunne da hannu mun shigo da ita zamanin nozul, inda ba ta isa ba.

Nozul ba ya auna mai. Ƙwaƙwalwar mota ma ba ta auna shi. Lokaci take ƙirgawa. Takan duba iskar da ke shiga injin, ta ce a buɗe nozul na tsawon kaza, ɗan mitsitsin lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan a rufe. Ta yarda tun farko cewa matsin da ke bayan nozul ɗin yana nan yadda aka rubuta mata. Kamar a ce wa yaro ya buɗe famfon gida ya ƙirga goma ya rufe, bokiti ya cika. Ranar da ruwa ya zo da ƙarfi zai cika. Ranar da ya zo a sanyaye, yaron zai ƙirga gomansa daidai, ya rufe, ya ɗauki bokiti rabi ya kawo, kuma bai saɓa umarni ba. Yawancin motocin da ke kan titunanmu, su Camry da Corolla da Accord da Golf na shekarun 1990 da 2000, ba su da na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa nawa ne matsin mai. Zato kawai take yi.

Matsin da ake so a irin waɗannan injinan yana tsakanin bar 3 zuwa 4. A littafin gyaran Toyota na Corolla da Camry na farkon shekarun 2000, an ce kilofaskal 304 zuwa 343, wato bar 3 zuwa 3.4. Wasu injinan Volkswagen bar 3 suke so, wasu 4, kuma na'urar daidaita matsin tasu kamanninta ɗaya, ramin zamanta ɗaya, sai ka karanta lambar da ke jiki za ka bambance. Wanda ya ɗora injin bar 4 a kan famfo da na'urar bar 3 ya rage wa injin nan abinci tun kafin ya tayar da shi.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so kowane mai mota ya riƙe. Idan matsi ya sauka daga bar 3 zuwa bar 2, man da nozul ke fesawa zai ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wani zai ce ai ba yawa. To injin fetur, a tafiyar yau da kullum, iska giram 14.7 yake so ga kowane giram ɗaya na mai. Idan aka take totur ƙasa, musamman injin mai turbo, ana ƙara masa mai har ya koma wajen iska 12 ga mai 1, ko ma ƙasa da haka kaɗan, domin rarar man nan ita ke sanyaya kan fistin. Cire kashi 18 daga wannan man, sai ka koma 14.7 cif. Wato injin yana aikin ƙarfi da abincin zaman hutu. Zafi ya hau, mai ya fara kamawa da kansa kafin wutar filogi ta gama aikinta, sai ƙarar nan ta ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa a cikin injin. A motar da aka sa wa salansa mai ƙara, ko jin ta ba za a yi ba. Abin da zai biyo baya mun saba gani a kan benci: bakin fistin ya narke, ringi ya karye, bawul ya ƙone, gaskit ya tafi.

Masu sikana za su ce ai mota tana da na'urar shaƙar hayaƙi a salansa, idan mai ya yi kaɗan za ta sani ta ƙara. Gaskiya ne, amma a tafiyar hankali. A nan ƙwaƙwalwa takan lura, ta tsawaita lokacin buɗe nozul, ta yi ta rufa wa famfo asiri makonni, sai ta ƙure iyakarta sannan ta kunna wutar injin ta ajiye lambar P0171. Amma a tsofaffin motocin nan, da zarar an take totur ƙasa, ƙwaƙwalwa takan daina sauraren wannan na'urar, ta koma kan jadawalin da aka rubuta mata. Daidai lokacin da injin ya fi buƙatar mai, kuma famfo ya fi wahala, shi ne lokacin da babu mai lura da shi. Direban da ya ɗauko fasinja da buhuna ya kama Hawan Kibo zuwa Jos a giya ta biyu, ƙafarsa a ƙasa, a cikin wannan makantar yake tafiya har ya kai sama.

Turbo kuma ya ƙara dagula al'amarin. Nozul yana fesa mai ne a cikin bututun iska. Idan turbo ya cika bututun da matsin bar 1, sai man ya ture wannan bar 1 ɗin kafin ya fito. Shi ya sa na'urar daidaita matsi take da wani ɗan siririn tiyo da ke zuwa daga bututun iska: iska ta ƙaru da ɗaya, matsin mai ya ƙaru da ɗaya. Idan tushe bar 3 ne, a silo za ka ga wajen 2.5, idan turbo ya kai bar 1 dole ka ga 4. Idan tiyon nan ya tsage ko ya zame, allura za ta tsaya a 3, nozul kuma 2 kawai zai gani. Rayuwar injin gaba ɗaya tana rataye a kan robar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, kuma sau da yawa ko ɗaure ta ba a yi.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini Lexus IS300 da aka sa wa turbo a wani gari. Aikin ƙarfen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, waldar tsaf. Ƙorafinsa shi ne idan ya matsa mata a giya ta uku takan ɗan fizga, kamar tana jan numfashi. An canza filogi, an canza koyil, an wanke nozul. Da na ce bari mu auna mai, sai ya ce, "Baba, ai an duba, firesha lafiya lau take."

Na ce, "Ɗana, a ina aka duba?"

Ya ce a gareji, ya gani da idonsa.

Bai yi ƙarya ba. Mun ɗaura geji, a silo allura tana inda ya kamata. Muka zare ɗan tiyon, ta hau 3 ta tsaya cak. Sai muka fito da gejin ta bakin bonet, muka manne shi a gilashin gaba daga waje, na sa yarona a kujerar mai zaman banza, idonsa a kan allura, nawa a kan titi, muka kama hanyar Zariya. Da turbo ya fara hurawa allura ta bi shi, ta hau kaɗan, sai ta tsaya, sai ta fara gangarowa alhali iska tana ƙaruwa. Yaron ya ce, "Oga, ɗaga ƙafa, tana sauka!" Muka koma. Famfon sabo ne kuma babba, ba shi da laifi. Wayar da ke kai masa wuta ce tsohuwar wayar motar, siririya, ga soket ɗin ya yi baƙi don zafi. Wutar da ke isa famfon ba ta kai bolt 11 ba. Rile ɗaya da fis da waya mai kauri daga batir suka gama maganar. Da muka zare filogi, bakinsu fari fat, har da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikin biyu daga ciki. Fistin ya riga ya fara ba da jikinsa.

Samari suna son ambaton famfon Walbro mai lita 255 a awa, kamar lambar ita ce komai. Amma ana samun wannan adadin ne a matsin da bai wuce bar 3 ba, da wuta wajen bolt 13.5. Matsi ya hau, adadin ya sauka. Wuta ta ragu, ya ƙara sauka. Shi ya sa dabarar nan ta murɗa na'urar daidaita matsi don a ƙara mai ba ta kai mutum ko'ina. Daga bar 3 zuwa 4, ƙarin kashi 15 cikin ɗari kawai za ka samu a nozul, famfo kuma ka ɗora masa wahala, har ya kasa a daidai inda kake nemansa.

Yawan matsi ma ɓarna ne, ko da yake shi a hankali yake kisa. A sa babban famfo a kan ƙaramar na'urar da ba ta iya mayar da rarar mai tanki, sai matsi ya hau a silo. Mota ta yi ta shan mai, hayaƙi baƙi, filogi ya yi ta cika da toka, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Mai mota yana ta zagin gidan mai, alhali abin da ke cin kuɗinsa yana ƙarƙashin kujerar baya. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu mayar da nozul kafireta su bar famfon tanki yadda yake. Kafireta ba ta ɗaukar abin da ya wuce rabin bar. A turo mata bar 3, allurar kwanonta ba za ta iya rufewa ba, fetur zai tumbatsa a kan injin mai zafi. Na ga dabaru iri-iri da ake yi don a rage ƙarfin, har da matse tiyo da waya. Motar haya ce, mutane a ciki, tana tafe da wannan.

Yanzu a haɗa duk wannan da man da muke sha. A watan Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi, layuka suka cika gidajen mai na makonni. Metanol yana cin roba, yana jan ruwa, kuma ƙarfinsa bai kai na fetur ba. Wannan wanda ya fito fili ke nan. Na yau da kullum shi ne man galan na 'yan bumburutu da mazurari mai ƙura, da tsohon tankin ƙasa da ruwa ya shiga. Dukkansu a ragar famfo da matata suke ƙarewa. Matata ba ta toshewa rana ɗaya. Takan bar man silo ya wuce, ta bar na tafiyar gari ya wuce, ta hana na hawa da na wuce tirela.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, mutane nawa ne ke cika tanki? Wutar rizab ta zama abokiyar tafiya. Famfon da ke cikin tanki kuwa fetur ne ke sanyaya shi, shi ne kuma man shafawarsa. A zafin Afrilu, lokacin da awo ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, ɗan man da ya rage a ƙasan tanki zafi yake yi. Idan aka sha kwana da gudu ya kwanta gefe, famfo ya zuƙi iska, matsi ya faɗi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. A motar gida, ɗan fizga ne. A motar wasa da ke juyawa a gefe, totur a ƙasa, waɗannan daƙiƙun sun isa.

Masu CNG kuma tasu ta daban ce. Abin burgewa, kayan gas ɗin suna zuwa da gejinsu, domin tukunyar bar 200 take ɗauka, ba wanda ke wasa da ita. Ɓangaren fetur ne aka yi watsi da shi. A haɗi da yawa, idan mota ta koma gas nozul kawai ake kashewa, famfon fetur yana nan yana juyawa. Direba kuma, tunda ya koma gas, lita biyu ko uku yake bari a tanki don tayarwar safe. Famfo ya yini yana kaɗa ɗan tsohon mai mai zafi. Ranar da gas ya ƙare a tsakiyar hanya, mota ta koma fetur da kaya a bayanta, sai a tarar da famfon da ya rage rabin rai da nozul da suka daɗe ba su yi aikin kirki ba. Ina goyon bayan komawa gas, amma wanda ya yi haɗin ya auna fetur kafin ya miƙa mukulli, ya kuma gaya wa direba ya riƙa barin aƙalla rubu'in tanki.

Na san abin da za a ce, domin abokan sana'a sun sha gaya mini. Na farko, idan gejin yana da muhimmanci haka, me ya hana kamfanoni sa shi a dashbod? Abin da ya hana su shi ne sun auna famfo da nozul da waya da matata tare, sun bar rara, sun gwada a zafi da sanyi. Duk da haka su ma abin yakan kuɓuce musu. A Janairun 2020 Toyota ta kira motoci kusan 700,000 a Amurka su dawo saboda famfon mai da ke iya tsayawa, kafin shekarar ta ƙare adadin ya haura miliyan 3. Idan masu ɗakin gwaji za su gamu da haka, mu da muke haɗa injin wannan da tankin wancan a ƙarƙashin bishiyar darbejiya fa? Rarar da kamfani ya bari ita muka fara cinyewa ranar da muka ƙara ƙarfi.

Na biyu, a ce direba ba zai iya kallon geji yana gudu ba. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ba na son ganin dashbod cike da agogo kamar jirgin sama. Shi ya sa na fi son gejin lantarki mai jar fitila ko ƙara, wanda za a saita shi ya yi gargaɗi idan matsi ya sauka. Waɗanda suka sa ƙwaƙwalwar kasuwa mai karɓar saiti, su haɗa mata na'urar matsin kai tsaye, su umarce ta ta rage turbo ko ta yanke injin da kanta idan tazarar mai da iska ta ragu. Yawancin irin waɗannan ƙwaƙwalen suna da gurbin, ba a dai amfani da shi ne. Ga direban haya da aka canza wa injin kuwa, ba na cewa sai ya sa na dindindin. A auna masa ranar haɗi, a sake aunawa duk lokacin da za a canza matata, ya wadatar.

Na uku shi ne na dattawa, masu cewa kunnensu ya ishe su. Ina girmama su, amma famfo yakan yi kukansa daidai yana ba da bar 2. Haka ma gwajin da ake yi a kasuwa. Ka je sayen famfo ɗan Beljiyam, mai shago zai ɗora wayoyinsa a kan batir, ya yi wuuu, ko ya tsoma shi a kwanon fetur ya feso, ya ce, "Alhaji, ka gani ai, kamar sabo." Fesowa a sarari ba aiki ba ne. Ko famfon da ya kusa mutuwa zai feso idan babu abin da ya tare shi. Abin tambaya shi ne lita nawa zai bayar idan an tare shi da bar 3. Ƙaramin benci mai geji da bawul da jarkar awo zai amsa wannan cikin minti ɗaya, kuma duk layin masu famfo za su iya haɗa kuɗi su yi guda ɗaya. Sabbin da ke zuwa a kwali mai sunan manyan kamfanoni ma ba duka ne 'ya'yan sunna ba, su ma a ɗora su a kan bencin.

Sai dai gejin ma, idan aka sa shi ba daidai ba, shi ne zai kawo wutar. Kada a kuskura a ja tiyon fetur zuwa cikin mota don a ga allura kusa da sitiyari. Fetur mai matsin bar 3 idan ya samu ƙofa feshi yake yi, ba ɗiga ba, ga wayoyi a bayan dashbod, ga direba mai sigari. Na'urar ji ta zauna a ɗakin injin, waya kaɗai ta shigo ciki. Tiyon ya zama na nozul, ba na kafireta ba, domin na kafireta ba a yi shi don wannan matsin ba. A ɗaure da kilif na gaske, ba wayar ɗaurin rodi ba. Kafin a kwance komai a zare fis ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa don matsin ya sauka. Sabbin motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, waɗanda suka fara yawa a hannun masu kuɗi, matsinsu yakan kai bar 200, wasu har 350. Waɗannan ba a taɓa bututunsu da gejin hannu. Suna da na'urar jinsu, da sikana ake karanta ta, a kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda ta samu.

Wanda ya iya karanta allurar zai rage wa mai mota asara mai yawa. Idan tana ƙasa tun a silo, a duba famfo da wutarsa da na'urar daidaitawa. Idan tana daidai a silo amma tana faɗuwa a hawa, matata ce ko raga ko waya ko famfon da ya yi wa injin kaɗan. Idan tana faɗuwa a kwana kawai, man tanki ne ya yi ƙasa, ko an cire kofin da famfo ke zama a ciki lokacin da aka canza shi, abin da ake yawan yi. Idan kuma an kashe mota ta zube nan take, akwai nozul mai yoyo ko bawul ɗin famfo ya saki, kuma shi ne sirrin motar da ke wahalar tashi bayan an ajiye ta da zafi. Toyota ta ce a Corolla da Camry ɗin da na ambata matsin ya rage aƙalla bar 1.5 bayan minti 5 da kashewa. Da wannan kaɗai, rabin filogi da koyil da nozul da ake canzawa a garejojinmu da suna nan a jikin motocinsu.

Ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, tana da rassa a kusan kowane gari, kuma ita ke yaye yara. Ina so a ce duk yaron da za a yaye a ɓangaren injin sai ya ɗaura geji a gaban dattawa ya karanta, kamar yadda ake sa shi saita tayimin. Ina kuma so hukumar NADDC da ke horar da masu haɗa CNG ta sa awon fetur a cikin abin da ake dubawa kafin mota ta fita. Mai mota kuma, idan an canza masa injin ko famfo ko an ƙara masa turbo, ya nemi a rubuta masa lambobi uku a bayan rasit kafin ya biya cikon kuɗi: matsi a silo, matsi a cikakken totur a kan hanya, da abin da ya rage bayan minti 5 da kashewa. Idan makaniken ya ce ba shi da geji, ya aika yaro ya aro a maƙwabta, mai mota ya zauna a benci ya jira.